Curin dutse daga koramar Keita: yaya ake gane mai fosil a ciki?

Dan_Keita84:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman masu ilimin duwatsu. Ruwan bana ya zaftare gefen wata korama kusa da gonarmu a ƙasar Keita, sai ga wasu duwatsu curi-curi sun fito daga cikin laka. Yara sun kwaso mini uku, ga hotunansu nan. Na farko zagayayye ne sumul, faɗinsa ya kai santimita 15, gefe guda ya ɓalle, ana ganin tsage-tsage a ciki cike da wani abu fari mai ƙyalli. Na biyu ƙarami ne, ja mai duhu, in ka girgiza shi sai ka ji abu yana kaɗawa a ciki. Na uku dogo ne mai faɗi, ba shi da kauri sosai, launin toka, da wani ɗan baƙin abu mai sheƙi da ya leƙo a gefensa. Wani ɗan kasuwa ya ce na farkon ƙwan dinosor ne, har ya taya shi jika goma. Tambayata ita ce, da me ake gane akwai fosil, wato ragowar halittar zamanin da, a cikin irin wannan dutse ba tare da an fasa shi ba? In kuma dole sai an fasa, yaya ake yi?

Bagobiri227:
Wa alaikumus salam. Jika goma a kan dutse? Karɓi kuɗinka malam, ka ce masa korama cike take da sauran ƙwai, ya kawo amalanke.

Inna_Wadata:
Wancan mai kaɗawa kada ka bar shi a ɗakin da yara ke kwana. Mu dai tun muna ƙanana ake hana mu ɗaukar dutse mai magana.

MalamSVT_Tawa:
Dan_Keita84, sannu da ƙoƙari, hotunan sun fito. Bari in fara da ƙwai, don shi ne ya fi sauƙin kawarwa. Ƙwan dinosor yana da ɓawo siriri, milimita ɗaya zuwa 'yan kaɗan, kaurinsa ɗaya ko'ina, fuskarsa da ƙananan ƙuraje da ramuka na shaƙar iska, kuma akasari a murƙushe ake samunsa, da yawa wuri guda inda uwar ta zuba su. Naka na farko ba ɓawo gare shi, dutse ne tun daga waje har ciki. Sannan lakar da farin dutsen da ke tsaunukan Adar a ƙasan teku suka taru. Dinosor kuwa a tudu take ƙwai.

Abin da ke hannunka curi ne da ya haɗu a cikin laka tun tana ɗanya. Wani abu ya mutu ya nutse, kifi ko katantanwa ko guntun itace. Yana ruɓewa sai ya canza ruwan da ke jiƙe da lakar kewaye da shi, ma'adinin da ke narke a ruwan ya fara sauka yana liƙe ƙwayoyin lakar, daga tsakiya zuwa waje. Shi ya sa yake fitowa a dunƙule. Curin yakan sandare kafin nauyin ƙasar sama ya danne sauran lakar, don haka in an dace abin da ke ciki yakan fito da surarsa, bai latse ba. Amma fa in an dace. Da yawansu ba komai a ciki, ko dai abin ya ruɓe ƙurmus, ko kuma tun farko ɗan ƙwayar abu ne da ido ba ya gani.

Dan_Keita84:
Na gode Malam. To tsage-tsagen nan masu ƙyalli fa? Ɗan kasuwar cewa ya yi jijiyoyin ɗan da ke cikin ƙwan ne.

MalamSVT_Tawa:
Ya iya talla. Cikin curin ne ya dare kamar lakar tabki in ya ƙafe, daga baya ruwa ya bi tsagar ya cike ta da kalsit, ma'adinin da ke cikin dutsen siminti. Duba da kyau, za ka ga tsagar ta fi faɗi a tsakiya, tana tsukewa in ta nufo waje. Masana na ce wa irinsa septariya. Wasu kan ɗauka bayan kunkuru ne ma. Yana da kyau in an yanka an goge, amma ba halitta ba ce.

Jikan_Maƙera:
Inna, kwantar da hankalinki, mai kaɗawar nan ba ruwansa da iskoki. Tama ce. Kakanninmu irin wagga ƙasa sunka riƙa haƙa bisa duwatsun Adar suna narkewa su fidda ƙarfe, har yau akwai tulin kashin tama a wuraren da sunka yi aiki. Ɓawon waje tsatsar ƙarfe ce ta taurare, lakar da ke ciki ta bushe ta tsuke, ta koma 'yar ƙwallo tana yawo. Na fasa irinsu ba adadi tun ina yaro, abin da ke fitowa garin ƙasa ne rawaya ko ja. Ban taɓa ganin ƙashi ciki ba.

Inna_Wadata:
To Allah ya sa haka ne. Ni dai ba ya kwana mini a ɗaki.

Ɗalibar_Jeoloji_Yamai:
Ina goyon bayan Malam da Jikan_Maƙera a kan biyun farko. Ni na ukun ne ya ɗauki hankalina. Curi yakan bi surar abin da ya taru a kansa. In zagayayye ne sosai, abin da ke tsakiya ƙarami ne ko babu. In dogo ne mai faɗi, akwai yiwuwar abu dogo ne kwance a ciki, kamar kifi ko ƙashi. A Brazil, yankin Araripe, curin da ke ɗauke da kifi har siffar kifin yake ɗauka, ana gane kai da wutsiya tun daga waje. Alama ta biyu ita ce wadda kake da ita: wani abu ya leƙo a gefe. Su masu nema a bakin tekun Whitby a Ingila haka suke yi, suna juya curin suna neman inda gefen katantanwar ya ɓullo a tsakiyar kaurinsa.

Yaya Dan_Keita84, don Allah ka yi mana abu uku. Ka ɗiga binegar ko ruwan lemun tsami a bayan kowanne, nesa da baƙin abin, ka kasa kunne ka ga ko zai yi kumfa. Ka kara musu mayen ƙarfe. Sannan ka sake ɗaukar hoton baƙin abin da hasken safe daga gefe, ka ajiye dala ashirin kusa da shi don mu gane girmansa.

Direban_Tanka:
Me ya kawo lemun tsami? Ruwan batir ya fi ƙarfi, nan take za ka ga aiki.

Ɗalibar_Jeoloji_Yamai:
A'a kawu, kada ya kusanci ruwan batir. Yana ƙona hannu da ido, kuma in ya hau dutsen siminti sai ya bar wani farin ɓawo a kai wanda ke tsayar da kumfar, ya ɓata fuskar dutsen a banza. Binegar na girki ya isa. In kumfar ba ta fito ba, ya ɗan kankare wurin da wuƙa ya ɗiga a kan garin.

Tsohon_Kariyer:
Ɗiyata kin yi magana. Ni na yi aikin fasa dutse wajen Malbaza shekaru da dama, kuma wanda bai gani ba ba ya yarda. Cikin farin dutsen nan da ake siminti da shi munka riƙa samun ƙumba, da katantanwa manya masu nannaɗe, da wasu 'yan dunƙule masu zanen tauraro mai reshe biyar a bayansu. Wani injiniya ya ce muna bushiyar teku ce. Mu da ba mu taɓa ganin teku ba, ga kayanta muna lodawa cikin kamiyo. Abin da na koya shi ne wuri ya fi dutse magana. In sashen da curin ya fito akwai ɓaraguzan ƙumba da haƙora warwatse, to fasa, kana iya dacewa. In jar ƙasar sama ce mai marmara, kada ka wahal da guduma.

Alhaji_Sabon_Gari:
Wai teku a Tawa? Mu da muke haƙa rijiya gaba nawa kafin mu ga ruwa? Ni ina ganin wannan duk ragowar ruwan Ɗufana ne.

MalamSVT_Tawa:
Alhaji, tekun ta daɗe da janyewa. Tsakanin kamar shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, ruwan teku mara zurfi ya sha shigowa ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya rufe babban kwarin da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya haɗa Tawa da Sakkwato da gabashin Mali. Kuma ba ambaliya guda ba ce, domin sassan ƙasar jere suke bisa juna, laka, farin dutse, laka kuma, kowanne da irin halittunsa, wasu ƙumbar ma a inda suka rayu suka girma ake tarar da su. Akwai wani babban ƙadangaren teku da aka sa wa suna Goronyosaurus saboda an same shi a Goronyo ta jihar Sakkwato, da wani Igdamanosaurus daga dutsen Igdaman a nan ƙasarmu. A In Beceten, gabas da Tawa, an tono kasusuwan kifi da kada da kunkuru.

Alhaji_Sabon_Gari:
Miliyan ɗari. Wa ya ƙirga, Malam?

Mai_Kula_da_Zaure:
Alhaji da Malam, wannan muhawarar mun yi ta a baya har ta kai mu dare. Wanda ke so ya buɗe mata nata zaren. Nan a taimaki mai tambaya.

Zabarkan_Harobanda:
Tunda an zo maganar kuɗi, ku bar raina dutse. Kun manta wanda aka tsinta a jihar Agadas a watan Nuwamba 2023? Ɓallin duniyar Mars ne, kusan kilo 25, aka yi gwanjonsa a Sotheby's ta New York a watan Yuli 2025 kan dalar Amurka miliyan biyar da wani abu, har gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Bagobiri227 da shi ya tsince shi da tuni ya kafa murhu da shi.

Bagobiri227:
Bazabarme ya ji miliyan ya farka. Je ka kwaso duwatsun bakin Isa ka kai New York, mu ga ko kuɗin mota za su fito.

Ɗalibar_Jeoloji_Yamai:
Tun da labarin nan ya fito kowa dutsensa daga sama ya faɗo. Na Dan_Keita84 dai ba daga sama suke ba. Dutsen sama ba ya da rami a ciki balle abu ya kaɗa, ba ya kumfa da binegar, kuma yawancinsu mayen ƙarfe na kama su. Jar tamar nan kuwa, duk da ƙarfen da ke cikinta, sau da yawa mayen ƙarfe ba ya kama ta ko kaɗan.

Jikan_Maƙera:
Haka ake da gatarin aradu. Mutane na cewa tsawa ta jefo shi, alhali gatarin dutse ne da mutanen da sunka wasa da hannunsu.

Baban_Nana:
Ni ma ina da wani falalen dutse daga wajen Buza mai hoton itace baƙi a jikinsa, rassa da komai. Wannan kam ai fosil ne ko?

MalamSVT_Tawa:
Baban_Nana, in zanen a kwance yake kan fuskar dutsen, siriri, ba kauri, rassan suna ta rarrabuwa ba ganye ba jijiya, to ma'adinin manganis ne ya bi tsaga da ruwa ya bushe a haka. Yana ruɗin mutane ƙwarai. Turo hoto a wani zaren mu gani.

Dan_Keita84:
Na dawo. Na farko ya yi kumfa sosai, musamman wurin fari mai ƙyalli. Na uku ma ya yi, amma kaɗan. Mai kaɗawa shiru. Mayen ƙarfe bai kama ko ɗaya ba. Ga sabon hoton baƙin abin, tsawon wanda ya leƙo bai kai rabin kuɗin ba. Da na duba da gilashin mai gyaran waya, sai na ga wasu layuka sirara a jere a gefensa guda, ɗaya gefen kuma sumul. Wani ya ce in lasa, wai in ƙashi ne zai kama harshe. Ban lasa ba tukuna.

Ɗalibar_Jeoloji_Yamai:
Gwajin harshen ana yinsa, saboda ƙashi yana da 'yan ramuka da ke tsotse yawu. Sai dai busasshiyar laka ma tana kama harshe, haƙori kuma ba ya kamawa, don haka ba zai raba gardama a nan ba. Layukan nan su ne abin dubawa. Halitta tana da tsari: abu ya maimaitu a jere da tazara ɗaya, ko dama da hagu su yi daidai. Akwai wani kifin teku mai faɗi da ke murƙushe ƙumba, haƙorinsa sumul ne a sama, saiwarsa kuma layi-layi a jere, kuma ana samun irinsa a ƙasar fosfat (ma'adinin da ake takin zamani da shi) ta kwarin Iullemmeden. Hotonka ya yi kama da shi. Amma ƙasar Tawa tana da ƙwallayen fosfat baƙaƙe masu sheƙi, wasunsu ma kashin kifi ne da ya zama dutse, kuma daga hoton waya ba zan rantse ba.

Bagobiri227:
Wato bayan duk wannan karatu, ƙila kashi ne ya ajiye a ɗaki.

MalamSVT_Tawa:
In ma shi ne, fosil ne, kuma masana na son sa don yana nuna abin da dabbar ta ci. Sai dai ni ban ga haƙori a hoton ba. Na fi zaton gefen ƙumba ne.

Direban_Tanka:
Ku daina wahalar da bawan Allah. Ka sa shi cikin garwashi ya yi zafi, ka watsa masa ruwan sanyi, zai dare da kansa.

Tsohon_Kariyer:
Kul! Kada ka soma. Dutse mai danshi ciki in ya ji wuta fashewa yakai, ɓallin ya tashi. Na ga wanda ya rasa ido ta haka. Kuma ko bai fashe ba, wuta ta cinye abin da kake nema. In za ka fasa, ga yadda ake yi. Nemi layin da ya zagaye curin ta gefe, inda kwanciyar lakar take. Kafa shi a tsaye bisa wannan gefen cikin rairayi, kada bisa siminti. Sa tabarau. Ɗauki ƙaramar guduma ka riƙa ƙwanƙwasa a hankali kana juya shi, kana bin layin. Kada ka kai mishi duka guda na ƙarfi. Za ka ji ƙarar ta canza, daga ƙal-ƙal ta koma ɓus, to tsaga ta shiga. Inda halittar take kwance nan ne dutsen ya fi rauni, shi ya sa yakan buɗe daidai kanta. Kuma ka adana ɓari biyun, kada ka yar da guda.

Ɗalibar_Jeoloji_Yamai:
Akwai hanyar da ta fi guduma sauƙi a kan dutsen. A Mazon Creek ta jihar Illinois a Amurka, inda curin ke ɗauke da ganyaye da ƙwari da halittu masu taushin jiki na shekara kusan miliyan 300, jiƙa su suke yi cikin ruwa na kwanaki, su sa a firigo su daskare, su fitar su narke, su maimaita. Ruwan da ya shiga 'yar tsagar yana kumbura in ya zama ƙanƙara, a hankali ya buɗe curin. Wani yakan ɗauki zagaye ashirin ko fiye, wani kuma ba ya buɗewa sam.

Hajiya_Mai_Ƙanƙara:
Ɗiyata, da wannan zafin da yadda wuta ke zuwa tana tafiya, in cire ƙanƙarar sayarwa in sa dutse? Sai dai in Dan_Keita84 zai biya hayar wuri.

Nas_Mai_Dare:
Game da tambayarsa ta farko, gani ba tare da fasawa ba: sikana na iya nunawa, kuma masu bincike a waje suna amfani da ita. Hoton rediyo na yau da kullum ba ya cika nuna komai in ƙumbar da curin duk ma'adini ɗaya ne, sai ka ga fari fat. Ƙashi ko haƙori ya fi fitowa. Amma fa kada wani ya ɗauko dutse ya zo ya shiga layin marasa lafiya, don Allah.

Lauyan_Unguwa:
Ba wanda ya taɓo doka. Muna da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihin ƙasa. Tsintar abin da ruwa ya fito da shi daban, haƙa da sayarwa da fitarwa waje ba izini daban. Ɗan kasuwar nan da ya taya jika goma, ina zai kai shi? Ku je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ku ga ƙasusuwan da aka tono a Gadoufaoua, irin su dinosor ɗin nan Ouranosaurus da masanin Faransa Philippe Taquet ya bayyana a 1976, da ƙaton kadan nan Sarcosuchus. Da an sayar da su ƙashi-ƙashi a kasuwa da ba abin da yaranmu za su gani.

Zabarkan_Harobanda:
Lauya, gaskiya ne, amma talaka da ya tsinta me zai samu? Shi ya sa mutane ke ɓoyewa.

Ɗalibar_Jeoloji_Yamai:
Shawarata, yaya Dan_Keita84: kada ka fasa na ukun. Na farko ya riga ya buɗe, na biyu ka fasa in kana son yara su ga garin da ke ciki. Na ukun kuwa, in haƙori ne ko ƙashi, guduma na iya ratsa shi biyu, masu gyaran fosil da ƙananan allurai suke bin sa daga inda ya leƙo. Kada ka shafa masa mai ko fenti don ya yi ƙyalli. Ka koma koramar ka ɗauki hoton bangon da ya zaftare, ka nuna daidai sashen da ya fito, me ke samansa, me ke ƙasansa, ka ajiye alamar wurin a wayarka. Ka rubuta a takarda ka naɗe tare da shi. In ka samu mai zuwa Yamai, sashen jeoloji na jami'ar Abdou Moumouni akwai malaman da suka san ƙasar Adar.

Tsohon_Kariyer:
Ɗiyata, in kowane curi sai an kai shi Yamai, motocin Tawa ba su ɗaukar fasinja. Koramar cike take da su. Ni cewa na yi ya ajiye wanga guda, ya koma ya kwaso masu kama da shi waɗanda ba abin da ya leƙo, ya koyi hannu a kansu. In cikin goma ya ga ƙumba ko ƙaya a biyu, ya san sashen mai albarka ne.

Lauyan_Unguwa:
Baba, "ya kwaso" ɗin nan ne nake tsoro. Yau goma, gobe buhu.

Dan_Keita84:
Na gode muku duka. Na farkon na hana ɗan kasuwar, ya ƙara jika biyu na ce a'a. Na ukun na naɗe shi. Sai dai yaran ne suka tsinto su a ƙasan koramar, ba su san daga wane sashe na bangon suka faɗo ba. Zan je da su ranar Juma'a in Allah ya kai mu, mu duba ko akwai wasu da ke maƙale a bangon har yanzu.

MalamSVT_Tawa:
Ka yi hankali da bangon, wanda ruwa ya ci ƙasansa yana iya rufto wa mutum. Kada yaran su tsaya ƙarƙashinsa. In ka ga ramukan da curin suka fita suka bari a jere, wannan ne sashen.

Mai_Rijiya_Kalfu:
Sai yanzu na ga zaren nan. Mu a wajen haƙa, in mun wuce farin dutse mukan shiga wata baƙar laka mai wari, a cikinta akwai 'yan curi masu nauyi, rawaya kamar zinariya in an fasa. Amma in sun kwana biyu a waje sai su yi fari-fari su ruɓe su zama gari. Su ma akwai abu a cikinsu, ko kuwa wani iri ne daban?